Mai Ƙararrawar Kamfanin Taki

A tashar mota ta Dutse, ana jiran motar Jahun ta cika, wata dattijuwa ta toshe hanci da mayafi, ta dubi mutumin da ke kusa da ita.

"Ɗan nan, wannan wari kamar fitsarin akuya, daga jikinka ne?"

"Yi haƙuri, Hajiya. A kamfanin taki nake aiki. Jiya bututun sinadari ya fashe, har yanzu warin bai bar rigata ba."

"Subhanallahi! An ji ciwo?"

"Mutum uku suna asibiti, amma da sauƙi."

"Ba ku da mai lura ne?"

"Akwai mana, ni ne. Ni nake danna ƙararrawa kowa ya fita."

"Ashe kai ka ceci mutane!"

"To, ban dai kai ga dannawa ba. Ina jin warin sai na ruga. Da ma'aikata suka gan ni a guje da takalmi ɗaya, sai kowa ya biyo ni. Yanzu an dakatar da ni."

"Ba su kyauta ba. Ƙararrawa sai da lantarki, kai kuwa ko an ɗauke wuta kana aiki."