Na Canja wa Kwamfutata Hanya

Juwairiyya: Salamu alaikum, Yaya Mahfuz.

Mahfuz: Wa alaikumus salam. Juwai, ke ce? Ya jami'a can Gubi, ya karatu?

Juwairiyya: Alhamdu lillahi. Ya aiki? Ya su Anti Fati da yara?

Mahfuz: Lafiya ƙalau. Jiya ma Hajiya ta yi cigiyarki. Gobe ne za ki kare bincikenki a gaban malamai ko?

Juwairiyya: Goben ne. Sai dai... Yaya, na ɗan canja hanya.

Mahfuz: Hanya? Ta Inkil kika bi? Me ya kai ki can?

Juwairiyya: Ba ta mota ba! A kwamfuta. Baƙin allon nan da nake rubuta umarni. Na nuna masa sabuwar folda, inda zai riƙa nemo modul ɗina, wato ɗan shirin kwamfutar da na rubuta na lissafin ruwan dam.

Mahfuz: Inna lillahi! Ban ce kar ki taɓa wurin nan ba?

Juwairiyya: Ka ce. Na taɓa.

Mahfuz: To, yanzu fa?

Juwairiyya: Ina buɗewa sai jan rubutu. Wai bai ga wannan modul ba, bai ga wancan ba. Ko jadawali ɗaya ya ƙi fitowa.

Mahfuz: Hau keke ki kawo min kwamfutar nan unguwar Ɗan Iya, in goge komai in sake ɗorawa.

Juwairiyya: Ka goge me? Duk daminar nan ina cikin laka ina ɗibar ruwa!

Mahfuz: Ai zan kwafe miki...

Juwairiyya: Ba inda za ta. Kullum haka ne, ka gyara ka miƙo min, ban san me ka yi ba. Gobe in malamina Dokta Obadiya ya ce in kunna a gabansu ta tsaya, kai zan kira?

Mahfuz: Taurin kai! To karanta min layin da kika... Alo? Juwai?

Juwairiyya: Ina ji, sabis ne, ka ɗan koma waje. Sunan foldata ne kawai a layin.

Mahfuz: Ita kaɗai? Ina tsoffin?

Juwairiyya: Waɗanne tsoffi kuma? Su Hajiya?

Mahfuz: Tsoffin hanyoyin!

Juwairiyya: Au! Ashe share su na yi na sa tawa, maimakon in ƙara a kai.

Mahfuz: Yawwa. To rubuta, alamar dala...

Juwairiyya: Kar ka faɗa min! Ni na ɓata, ni zan gyara.

Mahfuz: Juwai, gobe ne fa!

Juwairiyya: Tsaya, ina maido su... Bari in rufe in sake buɗewa. Kai, Yaya! Jan rubutun ya tafi! Saura modul ɗaya.

Mahfuz: Wanne?

Juwairiyya: Nawan. Shi ne har yanzu bai gani ba.

Mahfuz: Kin ga? Ga ni nan zuwa.

Juwairiyya: Zo mana, amma ka taho min da masa. Kwamfutar kam ko murfinta ba za ka taɓa ba.

Mahfuz: Ke, ni kike faɗa wa... Alo? Alo! Juwairiyya!