Jajayen Ƙwayoyi a Masarar Maƙwabciyata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah shi ƙara basira. Hadiza ce daga Tsarnawa.

Bara da yunwa ta matsa aka raba muna jar masarar taimako. Na rage kaɗan, bana na shuka bayan gida. Maƙwabciyata Yaya Rabi ta ɓare farar masararta, irin da ta gada wurin mahaifiyarta, sai ga jajayen ƙwayoyi ciki. Ta ce, "Hadiza, taki wadda Turawa suka sauya wa halitta ce, kin ɓata mini iri." Tun ranar ba ta amsa sallamata.

Wallahi ban san gaskiyar maganar ba. Don Allah masana su bayyana muna da Hausa. In haƙƙinta na kaina, da mi zan biya irin da babu shi kasuwa?