Lambar da Malam Ilu Ya Rubuta a Allo

HAMIDA: Assalamu alaikum. Baba? Baba, kuna jina?

MALAM ILU: Wa alaikumus salam. Wa ke... a'a, Uwata ta! Tsaya in hito tsakar gida, ɗakin ga ba ya riƙe magana. To. Kina jina yanzu?

HAMIDA: Ina jinku sarai. Kun wuni lahiya?

MALAM ILU: Lahiya lau. Ya Sakkwato? Ya aiki?

HAMIDA: Alhamdu lillahi. Ya Gummi, ya zahi?

MALAM ILU: Zahi kam sai godiya. Ko ƙadangaru sun bar hawan katanga. Ya masu jiki can asibitinku?

HAMIDA: Da sauƙi, Baba. Ya Inna?

MALAM ILU: Tana nan, ta ɗan kishingiɗa. Ya Abubakar da jikokina? Wanga ƙaramin ya hwara tahiya?

HAMIDA: Ya hwara, har ɓarna shika yi. Baba, Makau direba ya kawo muku saƙona?

MALAM ILU: Ya kawo shekaranjiya. Cikin ambulan, an liƙe baki, kamar sammacin kotu. Nac ce, ni Ilu yau kuma mi na yi? Na buɗe sai ga ɗan kati bai kai tahin hannuna ba. Wai da gaske dubu ɗari uku na cikin abin ga?

HAMIDA: Da gaske na. Katin kyauta na, asibiti sunka ba ni, wai ni na hi kowa ƙwazo bana. Ba a cirar kuɗɗi da shi, sai dai a sayi kaya ga babban shagon kayan wuta nan Sakkwato. Na aiko ku sa mishi albarka tun da shi na kyautata ta hwari. In kun taho ganin likita da Inna mako mai zuwa, ku taho da shi mu sayi ɗan firji mai aiki da hasken rana. Allurar sugan Inna ta bar zama cikin randa.

MALAM ILU: Albarka kam an sa, har ta yi yawa. Na kai shi majalisa bayan La'asar, ya bi hannu-hannu. Liman ya yi addu'a mai tsawo. Isa mai cajin waya ya tsai da ni bakin zaure ya ɗauke ni hoto ina riƙe da shi, yac ce duniya ta gani, ɗiyar Malam ta ciri tuta.

HAMIDA: Kai, Baba! Har da hoto?

MALAM ILU: To ɓoye ki za ni yi? Sunan uwata gare ki, kuma kin yi abin kirki. Ai har mutanen shagon sun kira jiya sun yi mani barka.

HAMIDA: Mutanen ina?

MALAM ILU: Iye? Layin ga ya hwara...

HAMIDA: Nac ce mutanen ina sunka kira?

MALAM ILU: Na shagon mana. Wani bawan Allah mai ladabi, sai da yag gaishe ni sau uku. Ya san sunana, ya san naki, ya san asibitinku.

HAMIDA: Baba, shagon ba su san ku ba. Ba su da lambarku. Ina za su same ta?

MALAM ILU: To ai tana rubuce ga bangon zaure, don masu neman a yi musu raɗin suna.

HAMIDA: Bangon da kunka tsaya gabanai anka ɗauki hoton?

MALAM ILU: Shi... awo, shi na.

HAMIDA: Inna lillahi. Mi yac ce muku?

MALAM ILU: Ke, bar tada hankalinki. Sauƙi yak kawo. Yac ce ba sai mun hau mota ba. In kankare wurin nan mai kamar azurhwa bayan katin, in karanta mishi lambar da ke ƙasa, su yi rajista, gobe motarsu ta kawo firji har ƙohwar gida.

HAMIDA: Kun karanta mishi? Baba, don Allah, kun karanta?

MALAM ILU: Da tabarauna na da lahiya da na karanta. Ƙahwa guda ta karye, yana wurin gyara. Lambobin kuwa ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Nac ce ya sake kira yau bayan La'asar.

HAMIDA: Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! To katin yana nan yadda na aiko shi, ba a kankare ba?

MALAM ILU: A'a, na kankare. Ai ban son ya kira ina ta lalube. Da sahe na aro tabarau wurin Liman, na jiƙa tawada, na kwahe lambobin duka ga allo, manya-manya. Ko daga nesa ana karantawa.

HAMIDA: Ga allo?

MALAM ILU: Shekara arba'in, duk abin da nika tsoron ya ɓace, ga allo nika sa shi. Rubutu ya hita da kyau, wallahi, kin dai san hannuna.

HAMIDA: Allon yana ina yanzu?

MALAM ILU: Na jingine shi bakin zaure ya sha iska.

HAMIDA: Bakin zaure! Tun yaushe?

MALAM ILU: Tun hantsi.

HAMIDA: Wa da wa sunka wuce?

MALAM ILU: Mutane dai, masu gaisuwa. Wani baƙo ma ya tsaya yana kallo, yac ce, Malam, wanga wane hatimi na? Nac ce na firji na.

HAMIDA: Baba, ku tashi ku ɗauko shi. Yanzu-yanzu. Kada ku kashe wayar.

MALAM ILU: Ikon Allah. Yau ɗiya ta aiki uba. To ga ni tahe... takalmina ma... Marka, ina takalmina? Bari dai, na tahi hakanan. Wash, ƙasar ga ta yi wuta. To, ga shi, na ɗauko, na kihe shi ga ƙirjina. Mi na na wai?

HAMIDA: Baba, wanda yak kira ku ɓarawo na.

MALAM ILU: Subhanallahi! Kada ki ɗauki alhakin mutum. Har ya tambayi jikin Innarki.

HAMIDA: Ku kunka hwaɗa mishi ba ta da lahiya?

MALAM ILU: ...Ni na hwaɗa.

HAMIDA: To kun gani. Ku saurara, Baba. Kuɗɗin ba cikin robar suke ba, cikin lambar suke. Duk wanda yas samu lambar ga, daga inda shike zaune zai yi sayayya da wayatai. Katin na cikin aljihunku, kun dahe shi da hannu, amma ya zama hwanko. Kamar ku riƙe kwaɗo, wani ya tahi da makulli.

MALAM ILU: Ashe hakanan na.

HAMIDA: Hakanan na. Shagon gaskiya ba ya kiran mutum ya nemi lambar ga. Ba a kankarewa sai gaban mai sayarwa. Ba a ɗaukar ta hoto, ba a karanta ta ga waya, ko wa na na.

MALAM ILU: Ko wa na na. Na riƙe.

HAMIDA: Madalla. Adama! Ara mani wayarki, don Allah, maza. Baba, abokiyar aikina ta ba ni waya, za ni aika lambar ga layin shagon in ga ko kuɗɗin na nan. Ku karanto mani.

MALAM ILU: A'a.

HAMIDA: A'a kamar ƙaƙa?

MALAM ILU: Yanzun ga kinka ce ko wa na na.

HAMIDA: Baba, ni ta hwa! Hamida!

MALAM ILU: Shi ma wancan da daɗin murya yaz zo. Tsaya in tambaye ki. Ran da kinka gudu ga karatu, anka neme ki gari duka, ina anka ishe ki?

HAMIDA: Haba, Baba, gaban mutane nike.

MALAM ILU: Ina jinki.

HAMIDA: Cikin rumbun gero. Na yi barci da ƙuli-ƙuli ga hannu.

MALAM ILU: Wace sura kinka guje wa?

HAMIDA: Lam yakun. Har yau da kyar nika wuce ta.

MALAM ILU: Ke ta, Uwata. Babu ɓarawon da ya san wagga. Rubuta. Bakwai, huɗu, huɗu, tara.

HAMIDA: Huɗu biyu ko guda?

MALAM ILU: Biyu, a jere. Sannan sihiri, shidda, ɗaya, biyat. Sannan uku, takwas... kina nan?

HAMIDA: Ina nan, ku ci gaba.

MALAM ILU: Uku, takwas, biyu, biyu. Na ƙasa kuma su huɗu, waɗanda ke ƙarƙashin azurhwa: tara, ɗaya, shidda, sihiri.

HAMIDA: Na aika. Sai mu jira amsa. Ku kuma ku wanke allon ga tas.

MALAM ILU: To ai da matsala. Da Bisimilla na hwara.

HAMIDA: Bisa lambar kati?

MALAM ILU: Hannuna bai san hawa allo ba da ita ba. Ba a zubar da ruwan ga ko'ina.

HAMIDA: To ku wanke cikin ƙwarya ku zuba gindin dalbejiya. Ko ku shanye, Baba, ni dai ya bar allon.

MALAM ILU: In sha lambar firji? Ai sai in kwana ina sanyi. Amsar ta taho?

HAMIDA: Ba ta taho ba tukuna. Baba, ni abin da ke ba ni mamaki, ku da ba ku sayen ko goro sai kun juya shi sau uku. Mi yas sa kunka yi wagga gaggawa? Mako guda kaɗai ya rage.

MALAM ILU: To ai... wato...

HAMIDA: Baba? Layin na?

MALAM ILU: Ba layi ba na. Ta hana ni hwaɗi.

HAMIDA: Wa? Inna? Mi anka yi?

MALAM ILU: Allurar ta lalace, Uwata. Zahin ga ya hi ƙarhin randa. Shekaranjiya munka ɗauko kwalbar, ruwan ya yi gudaji-gudaji. Mai kemis ya duba yac ce kada a kuskura. Nan babu wata, na aika har Bukkuyum, babu.

HAMIDA: Kwana biyu ba ta yi allura ba?

MALAM ILU: Yau na biyu. Sai shan ruwa taka yi, ta tashi ta koma. Tac ce in na hwaɗa miki za ki baro aiki ki hau hanya, kin kuwa san yadda hanyar take yanzu. Ina zaune ina kallonta, ban da abin yi, sai ga mutum yana cewa gobe firji na ƙohwar gida, ba wanda zai hau mota. Ban tsaya juya shi ba. Na so ya zama gaskiya, shi ke nan.

HAMIDA: Allah sarki, Baba.

MALAM ILU: Na ji kunya, wallahi. Ni da nika hwaɗa wa mutane su yi hattara.

HAMIDA: Ba abin kunya. Tsoron rasa ta kunka yi. Ni ma... tsaya. Adama, miƙo! Ta shigo. Baba, ta shigo!

MALAM ILU: Mi tac ce?

HAMIDA: Suna nan! Dubu ɗari uku cif, ko sisi ba a taɓa ba!

MALAM ILU: Alhamdu lillahi Rabbil alamina. Ke, kuka kika yi?

HAMIDA: Ba kuka ba na. To kuka na. Ku ji, ba za ni jira mako ba. Abin da ɓarawon yas so yi, ni za ni riga shi. Yanzu za ni nemi izini in tahi shagon da lambar ga in kashe kuɗɗin duka. Firji gobe Makau ya ɗauko. Allura kuwa yau, cikin hwalas da ƙanƙara, ga motar ƙarshe. Kahin nan ku kai ta asibitin nan gari a auna sugan, kada ku jira ta yarda.

MALAM ILU: Za a yi. Af! Wayar na ƙara cikin kunnena, ɗit-ɗit. Wani na son shigowa. Lambatai ta, na gane wutsiyar.

HAMIDA: Kada ku ɗauka!

MALAM ILU: Ba yanzu ba. In mun gama za ni ɗauka.

HAMIDA: Baba!

MALAM ILU: Ba lamba za ni ba shi ba. Babin haramcin cin dukiyar mutane za ni karanta mishi, tun daga hwari, da kuɗɗin wayatai. In ya tuba, mun samu lada. In ya kashe, ya ji rabi.

HAMIDA: Ku dai ba ni Inna. Masu layi sun ce saura minti guda gare ni.

MALAM ILU: Marka! Ungo, ɗiyarki. Na hwaɗa mata. Awo, duka. Yi mani hwaɗan daga baya.

INNA: Hamida? Ke, kada ki biye wa babanki, lahiyata lau. Ɗan jiri na kawai.

HAMIDA: Inna, kwana biyu? Ni da nika yi wa mutanen da ban sani ba allura kullum?

INNA: To yi haƙuri, 'yar albarka. Ban so ki hau hanya ba. Allah shi yi miki albarka, shi ba ki masu yi miki.

HAMIDA: Amin, Inna. Allura na tahe yau, firji gobe. Wane launi kuka so?

INNA: Launi na banza. Ki dai duba mai ɗan wuri daga ƙasa, inda ƙwarya za ta shiga.

HAMIDA: Ƙwarya kuma? Ta mi?

INNA: Ta hurar babanki. Kada ki ce na hwaɗa miki, amma tun ran da kwalbar ga ta lalace, mutumen ga ko ruwan kirki bai sa ga bakinai ba, sai zagaye ni shika yi kamar...