Kwaɗo a Ɗakin Harsashi

A layin wani shagon kayan farauta a garin Tabor, Bohumil, mutumin da bai taɓa zargin kansa da komai ba, ya baje harsasai biyar a tafin hannunsa, irin na dalma da yake haɗawa a gida. Wani tsoho da ke bayansa ya leƙo.

"Maigida, waɗannan uwarsu ɗaya kuwa? Ga dogo, ga wada."

"Dattijo, bar tsokana. Jibi gasar harbi, ga shi kowace dalma sai ta nutse cikin kwanso fiye da ta baya. Na ɗaure notin injin haɗa su, na sake awo, duk a banza. Sabon inji zan saya."

"Kakin zuma kake shafa musu?"

"Shekara ashirin ke nan."

"To kakin ne ya taru a bututun da ke danna su. Yaushe rabonka da goge shi?"

"Ai ba ya datti! Ban taɓa gogewa ba, kuma lafiya lau yake sai watan jiya."

"Me ya faru watan jiya?"

"Matata na kama da tsinke da tsumma a jikin injina. Nan take na danna wa ɗakin kwaɗo."

"Shekara nawa da aurenku?"

"Ashirin da..." Kunnuwan Bohumil suka yi ja, don sai yanzu ya gane wadda ke goge bututun duk shekarun nan. "Ta yi fushi, tana garin Brno wurin ƙanwarta."

"Bas na tashi ƙarfe biyu. Je ka ba ta haƙuri. In ta ƙi dawowa, ka roƙe ta ta nuna maka inda ake zura tsinken."