Turancin Malam Ifedayo

A tashar Bagudo, direban motar Kamba ya rantse za su tashi kafin azahar.

"I doubt it," in ji wata mata.

Wani dattijo mai suna Sufyan ya waiwayo. "Baiwar Allah, ina kinka samo wanga Turanci? Haka Malam Ifedayo ka ce muna a firamaren Matsinkai in munka ce mun yi aikin gida."

"Mahaifina ne."

"Allahu akbar! Shina da rai? Ki ce mai Sufyan mai tserewa daga aji zuwa kamun kifi na gaishe shi."

Ta sunkuyar da kai. "Tsufa ya kama shi, Malam. Ko ni ba ya ganewa."

Sufyan ya dube ta.

"Ki dai hwaɗa mai. Ki ce mai ni ma malami na zama."