Tumbin Amaryata Hannatu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ku yi haƙuri da rubutuna, ni da makaranta gaisuwa ce daga nesa.

Shaidata a kan jikata ce, Hannatu, wadda nake kira amaryata. Tana fara rarrafe na ce wa uwarta, surukata Rifkatu, ta kawo mana ita yaye. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, a asibiti sun ce ta sha nono har shekara biyu." Na ce, "Ni da kunun dawa aka yaye ni, ga ni kamar bishiyar kuka!" Suruka ba ta musu da suruki. Ta kawo ta tana hawaye.

Gidanmu na Sabon Gari kun san shi, kwata ce ta ratsa tsakarsa. Nan amarya take yini, ta damƙi ƙasa ta kai baki, in ɗura mata kunu da ruwan rijiya. Ciki ya yi tirtsitsi. Sai in ɗauke ta zuwa sujada ina taƙama, "Ku ga tumbin kiwona!" Matata Ladi ta ce, "Tsoho, tumbin kake kallo, kalli ƙafafun. Tsinke ne!"

Wata safiya yarinyar ta yi amai a cinyata. Tsutsa ce doguwa, tana motsi! Idonta ya faɗa, ko kuka ta kasa.

Na zube na ce, "Ya Yesu, ni wawa ne, amma yarinyar nan taka ce. Ka bar mana ita!" Ladi ta ce, "Amin. Tashi ka nemo mai babur."

A asibiti aka ba ta maganin tsutsar ciki. Wata ma'aikaciya ta tambaya ko tana shan nono. Na buɗe baki zan ce a'a, sai Ladi ta ce, "Tana sha." Ashe kullum in na tafi kasuwa, sai ta goya ta zuwa wurin uwarta! Ma'aikaciyar ta ce nonon ne ya riƙe mata ƙarfi. Halleluya! Ubangiji ya riga ya amsa addu'ar tun kafin in yi ta, ta hannun mata biyu da suka mai da ni hoto.

Yau Hannatu tana wurin uwarta, tana gudu, tana ja mini gemu. Na gode wa Allah! Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Kakanni kuma, mu wanke wa jikoki hannu, mu bar su su sha nononsu. Amin.