Mai Tabarau na Tsakiya

A ɗakin jira na asibiti, talabijin na nuna masana tattalin arziki sun jeru suna goyon bayan manufofin wani ɗan takarar shugaban ƙasa. Wani direba ya ja tsaki, ya juya ga tsohuwar da ke gefensa a benci.

"Mama, ji maƙaryata. Su ne fa suka tafa wa na baya, suka ce mu yi haƙuri, gyara ake yi. Fetur ya gagare ni har na jingine motata. Yau sun sake riga sun dawo."

"Wataƙila iyakar saninsu ke nan," in ji ta.

"Sun san me? Dubi mai tabarau na tsakiya, wuya duk kitse. Wannan ko uwarsa ce a kan bencin nan, ce mata zai yi ta ƙara haƙuri."

"Haka kuwa ya ce mini jiya a waya."

Direban ya dube ta, ya dubi talabijin. Hancinta da na mai tabarau iri ɗaya. 

"Ki yafe mini, Mama, ban san ɗanki ba ne."

"In yafe me? Shi ya sa na sayar da injin niƙana, wai in kai kuɗin banki, kaya za su sauko. Yau kuɗin ko maganina ba sa saya. Ci gaba, ɗana. Bakina na uwa ne, in na buɗe shi zai kama shi. Naka ba zai yi masa komai ba, ni kuwa zan samu sauƙi."